Taswirar jaruman labarai: Turai ta cika, Afirka fayau

Taswirar duniya ce ta bango, an zana kowane shahararren jarumin labari a kan ƙasarsa. 'Yan ajina na firamare shida na saya wa. Takardar da kauri, an kuma shafe ta da leda, ko yaro ya taɓa da hannun manja sai dai a goge da tsumma.

A Turai masu taswirar sun yi ƙoƙari. Tintin da farin karensa suna Beljiyam, inda aka fara buga shi a 1929, ba Faransa ba kamar yadda wasu ke zato. Pinocchio yana Italiya, hancinsa har ya kusa taɓo teku. Dracula kuwa an ajiye shi a Romaniya, aka rubuta a ƙasa cewa marubucinsa ɗan Ailan ne. Wannan rarrabewa tsakanin inda labari ya faru da inda mai shi ya fito ta burge ni, har muka cinye rabin darasi a kanta.

A kan Aladin suka kwafsa. Sun ɗora shi a ƙasar Larabawa, alhali tsohon labarin a wani birni na ƙasar Sin ya ce yake zaune. Afirka kuma babu kowa sai Tarzan, wanda wani Ba'amurke ya ƙirƙira a 1912. Ko Anansi na Gana ba su sa ba, balle Gizo da Ƙoƙi. Wata ɗalibata ce ta zana Gizo muka manna shi a kan Kano.

Rubutun ya yi ƙanana ga masu zama a bayan aji. Ɗakin yara a gida ya fi dacewa da ita.