Wane Ma'aunin Zafi Ya Kamata Ka Saya wa Injin Gashi Mai Ƙwayar Katako?

Lambar da kake gani a allon injin gashinka ba ita ce zafin da naman ke sha ba. Duk wanda zai kashe kuɗi a kan ma'aunin zafi, da wannan ya kamata ya fara.

Irin wannan injin, wanda Joe Traeger ya ƙirƙiro a jihar Oregon ta Amurka ya kuma yi masa rajista a 1986, aikinsa a bayyane yake: akwai rumbun da ake zuba ƙwayoyin garin katako, akwai murɗaɗɗen ƙarfe da ke tura su kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin kaskon wuta, fanka na hurawa, sai 'yar kwamfuta da ke ƙara ƙwaya ko ta rage. Ita kuwa kwamfutar ba ta da ido sai wani siririn tsinken ƙarfe da ke tsaye a jikin bango daga ciki, galibi ta ɓangaren rumbun. Zafin wurin da yake tsaye kaɗai ya sani. Cinyar ragonka tana can tsakiyar raga, kajin suna can kusa da bututun hayaƙi, kuma tsakanin wannan kusurwa da waccan ana iya samun bambancin digiri 10 na Salshiyas ko fiye. Idan maiƙo da baƙin hayaƙi suka lulluɓe tsinken, sai ya riƙa jin zafi a makare, injin ya yi ta zuba ƙwaya, nama ya bushe alhali allo na cewa komai lafiya.

Saboda haka kafin ka sayi komai, bari injin ya huce, ka goge tsinken da tsumma mai ɗan ruwan khal, ka kwashe tokar kasko. Idan har yanzu kana zarginsa, kai wa mai gyaran rediyo ya auna shi da mita. Yawancin waɗannan tsinkuna irin da ake kira PT1000 ne, lafiyayye yana nuna kusan om 1,100 (ma'aunin turjiyar lantarki) a kan mitar a zafin ɗaki. Wanda ya kauce da nisa, canja shi ya fi.

Sai zaɓin kasuwa. Mafi araha shi ne mai fuskar agogo da ake ɗaurawa a murfi. Ban ba ka shawarar dogara da shi ba. Yana sama inda zafi ke taruwa, yana da nawa wajen motsi, kuma faɗuwa ɗaya tana iya karkatar da allurarsa. Bindigar auna zafi ma ka bar ta. Wadda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona don zafin jikin mutum aka yi ta, ta kicin ɗin kuma fatar nama take gani, ba ta san abin da ke ciki ba.

Abin da nake so kowa ya fara mallaka shi ne ma'aunin hannu, wanda ake cakawa a nama a zare cikin 'yan daƙiƙu. Na sama a wannan layi shi ne Thermapen ONE na ThermoWorks, yana ba da amsa cikin daƙiƙa 1, kuma da wuya ya kauce da rabin digiri, sai dai da tsada. ThermoPro da Inkbird suna da masu sauƙin kuɗi, sukan ɗan jima kafin lambar ta tsaya, amma sun ishi mai gashin gida. Me ya sa na sa shi gaba? Domin shi ke kare lafiyar iyali. Kaza ba ta nuna ba sai cikinta ya kai digiri 74 na Salshiyas, niƙaƙƙen nama 71, tsokar sa ko ta rago 63 a bar ta ta huta minti 3. Hayaƙi yana yaudarar ido ta fuska biyu: yana sa bayan kaza ya yi ja ya yi kyau tun gindin cinya bai dahu ba, yana kuma barin jan zobe a ƙarƙashin fatar naman da ya riga ya nuna, har Hajiya ta ce a mayar kan wuta. Caka tsinken a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi, gardama ta ƙare.

Na biyu, idan kana yin doguwar banda, irin ƙirjin sa ko kafaɗar ragon layya da za su yini a digiri 107 zuwa 121, nemi mai waya da tsinke biyu. Ɗaya a cikin nama, ɗaya a maƙale a raga da 'yar madanninsa, ya ɗaga kaɗan daga ƙarfen, ya kuma ba naman tazarar yatsu uku. Wannan na biyun shi ne zai faɗa maka gaskiyar da allo ya ɓoye. Kana zaune a ƙarƙashin rumfa kana kallon lamba, ba ka buɗe murfi ba, kuma ai kowane buɗewa zubar da zafi ne. Da shi za ka gane cewa tsayawar da zafin nama ke yi wajen digiri 65 zuwa 75, wani lokaci na sa'o'i, ba lalacewar inji ba ce, ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi. Yi haƙuri har ya kai 90 zuwa 95, inda jijiya ke narkewa. Raunin wannan ma'auni wayar ce. Ruwa ya shiga mahaɗar waya da tsinke, ko murfi ya datse ta, ko harshen wuta ya lashe ta, shi ke nan. Don haka ka tambayi mai sayarwa ko ana samun tsinken canji, kuma ka haɗa da guda a ajiye tun ranar saye.

Marar waya irin MEATER, wanda ke magana da wayar hannu, abin sha'awa ne, musamman idan nama na juyawa a kan sanda. Amma ɓangarensa mai auna zafin iskar cikin inji yana manne da jikin nama, inda tururi ke sanyaya wurin, shi ya sa yakan nuna ƙasa da zafin raga a farkon gashi. Ga caji, ga murfin ƙarfe da katangar bulo masu rage nisan saƙo. Mai hali ya ƙara da shi. Wanda kuɗinsa na ɗaya ne, kada ya fara da shi.

Ko wanne ka saya, daga Babbar Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ne ko ta intanet, gwada shi kafin ka yarda da shi. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, juya, tsoma tsinken a tsakiya: 0 ya kamata ka gani. Sai tafasasshen ruwa, kuma a nan mutane ke zaluntar ma'auni mai kyau. Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, ruwa a nan yana tafasa ne a kusan digiri 98, ba 100 irin na Legas ba. Ka ga 98, kayanka lafiya lau. Duba kuma ko yana da maɓallin sauyawa daga Farenhait, domin injinan Amurka da shi suke lissafi: 225 nasu shi ne 107 namu.

Akwai abin da ma'auni zai nuna maka amma ba zai gyara ba. Iskar hunturu tana zuƙe zafin gangar injin, sai ka juya injin ya ba iska baya ko ka sa shi a lungu. Ranar Maris da Afrilu kuwa tana dafa baƙin ƙarfen har zafi ya ƙi sauka, nemi inuwa mai shan iska. Da damina ƙwaya na shan laima, ta kumbura ta koma gari, wuta ta yi ta hawa da sauka. Ajiye ta a bokiti mai murfi, kada ta kwana a rumbu. Mai kyau tana sheƙi, tana karyewa ƙas.

Sai wutar lantarki. Da an ɗauke, fanka ta tsaya, zafi ya faɗi. Injin yana jan kusan wat 300 ne a mintunan kunnawa, daga nan wajen 50, ƙaramar inbata ta ishe shi. Wanda aka kawo daga Amurka na bolt 120 ne, namu 230, sai da taransifoma mai rage ƙarfi. Kuma idan ya mutu ana tsakiyar gashi, jira ya huce ka kwashe ƙwayar da ta taru a kasko kafin ka sake kunnawa, in ba haka ba za ta kama gaba ɗaya.