Jirgi mai lamba 37 a Baltimore: mun shiga, kuma kuɗin tikiti bai tafi a banza ba

Ranar Asabar na ɗauki babban ɗana muka tafi bakin ruwan Inner Harbor a Baltimore, inda aka ɗaure wani tsohon jirgin sintiri na rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, aka mai da shi gidan tarihi. Fari ne, tsawonsa ƙafa 327. Babu suna a jikinsa sai lamba 37. Da can Taney ake kiransa, sunan alƙalin alƙalan Amurka, Roger Taney, da ya yanke hukunci a 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. A 2020 aka goge sunan, kuma na ji daɗin da yaron ya fara da tambayar dalilin goge shi tun muna kan gada.

Yawancin masu zuwa labarin 7 ga Disamba 1941 ke kawo su, ranar da Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Hawaii a Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar jirgin yana tashar Honolulu, babban birnin Hawaii, ya buɗe wa jiragen saman Japan wuta. Ni kuwa abin da ya kama ni shekarun da suka gabaci yaƙin ne. An ƙera shi a Philadelphia, ya fara aiki a 1936, ya isa Hawaii a farkon 1937. Aikinsa farautar masu fasa-ƙwaurin ƙwaya, da kai ruwa da abinci ga samarin Hawaii da gwamnati ta zaunar a tsibiran Howland da Baker da Jarvis a tekun Pacific, don ta tabbatar da mallakarsu saboda hanyar jiragen sama. Tsibiran nan babu rijiya, babu inuwar kirki. Wani dattijo mai aikin sa-kai ya kwatanta mana yadda ake sauke durom-durom na ruwa a ƙananan kwale-kwale cikin igiyar teku. Duk wanda ya taɓa zaman jiran mai kurar ruwa a watan bazara zai gane abin da ganin farin jirgin nan daga nesa ke nufi ga waɗannan samari.

A ciki ana barin mutum ya zagaya da kansa. Mun ga gadajen matuƙa jere hawa-hawa, mai kwance bai isa ya miƙe zaune ba. Mun ga ɗakin girki, da ɗakin kyaftin. Warin man inji da fenti na nan har yau, ko da yake tun 1986 jirgin ya ajiye aiki. Yaron ya kama sitiyari ya ƙi saki sai da na ce masa, “Kai, akwai mutane a bayanka.”

Matakalan jirgin yaƙi ne, a tsaye suke, ƙofofin kuma sai an ɗaga ƙafa an sunkuyar da kai. Kada a zo da babbar riga ko silifa. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a saman jirgin, akwai abin kallo isasshe a can. Awa ɗaya da rabi muka yi, kuma idan baƙi suka zo mana daga gida da rani, nan zan fara kawo su.