Masarar Bt ko wadda aka haɗa ta hanyar aure: wacce ta fi jure tsutsa?

Ɗan'uwa, masarar Bt (wadda aka sa wa ƙwayar halittar wata bakteriya don ta riƙa samar da dafin kashe tsutsa) tana buƙatar a ware wa tsutsa nata yanki a gonar; in ba ka da tabbacin za ka iya hakan, ka ɗauki irin da aka samar ta hanyar aure da zaɓe.

Juriyar wannan iri ba daga abu ɗaya take fitowa ba. Masu bincike suna sakar wa layukan masara tsutsa da gangan, su zaɓi waɗanda suka fi tsira, su sake haɗa su aure, shekara da shekaru. Sai ka samu ganye mai tauri da ƙaramar tsutsa ke shan wuyar ci, da ɓawo mai rufe goyo ruf, da kara mai farfaɗowa bayan an ci shi. A 2020 cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, ta sanar da iri uku masu jure tsutsar nan mai cin masara da ake kira fall armyworm, wadda ta shigo Afirka a 2016. Za ka ga huji a ganye, kada hankalinka ya tashi, goyon zai cika. Da yake hanyoyin kariyar da yawa ne, da wuya tsutsa ta shawo kansu gaba ɗaya. Sai dai a duba gona duk mako: wuri biyar, tsiro ashirin a kowane wuri. In ɓarna ta kai tsiro 20 cikin 100 tun masara tana ƙarama, a yi feshi da yamma, a saita bakin famfo cikin ƙoƙon ganyen inda take ɓuya.

Ita Bt, gaskiya tana kashe tsutsa cikin 'yan kwanaki. Amma dole a shuka kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na masara marar Bt a gefe, don tsutsar da ba ta saba da dafin ba ta ci gaba da haihuwa, kada masu jure dafin su mamaye gonar. Inda aka yi sakaci da hakan, kamar Afirka ta Kudu wajen 2007, tsutsar kara ta daina jin sa.

Ka kuma kula da masu sayarwa. Wasu hatsin ci suke rinawa su zuba a buhu mai tambari. Ka duba hatimi da lambar rukuni, sannan ka jera ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma kwana bakwai. In ƙasa da 85 suka tsiro, ka mayar musu da kayansu. Kuma kowanne ka saya, in irin aure ne, kada ka ajiye girbinsa don shukar baɗi.