Fim ko zane: wanne ya fi dacewa da darasin asali?

Malama, kin ce ɗalibanki na sakandare a garin Maiurno na Sudan Hausawa ne amma Larabci ya fi zama a bakinsu, kina tambaya tsakanin fim da zanen zamani wanne zai fi taimaka miki wajen koyar da asali da al'ada. Ga yadda na auna su.

Fim ya fi saurin kama hankali, kuma yana ɗauke da abin da zane ba shi da shi, wato harshe. Yaro zai ji gaisuwa, ya ga yadda ake durƙusa wa babba, ya tsinci karin magana. Sai dai finafinan Kano rayuwar Kano suke nunawa. Jikan mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kallon baƙo zai yi musu. Na Sudan sun fi kusa da shi. Goodbye Julia na 2023, labarin mace 'yar arewa da 'yar kudu a Khartum kafin ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, yana buɗe zancen wariya da wane ne ɗan ƙasa, zancen da duk wanda aka taɓa kira Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a Sudan, ya san zafinsa. Amma fim yana son wuta da kusan awa biyu, ga halin da lantarki ya shiga tun yaƙin Afrilun 2023.

Zane kuwa takarda ɗaya ta isa, ko hoto a waya. Ni nan na fi karkata. Ɗauki aikin Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin addini, wanda ya yi karatu a Landan ya dawo ya gina salonsa a kan haruffan Larabci da adon gargajiyar Sudan. A 2013 gidan nunin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa. Yaron da ya wanke allo a khalwa, wato makarantar allo, ba sai an yi masa dogon bayani ba, zai gane layukan. Akwai kuma jerin zanensa na itacen gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Ki tambaye su me ya sa mai zane ya zaɓi wannan itace, ki ji abin da za su faɗa game da zama daban a cikin mutane. Fim yana ba yaro labari a kammale; zane sai yaron ya kawo nasa.

Rauninsa shi ne ba ya koyar da Hausa, kuma wasu iyaye ba sa son hoton mai rai. Haruffa da itatuwa sun kauce wa wannan.

Ki fara da zane, kowa ya zana wani abu daga gidan kakarsa ya bayyana shi da Hausa. Fim ya biyo baya, guntun minti goma da kika riga kika tace.