Na sauya hob ɗin gidana a Katsina: shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Asubahin Juma'a 15 ga Maris, 2024, ana azumi na 5, muka tashi sahur babu ko ɗigon ruwa a tankin gidanmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura. An kawo wuta cikin dare har ta yi kusan awa 3, amma injin rijiyar burtsatse bai tashi ba. Uwargida ta murɗa famfon kicin, ta juyo ta ce, "Malam, ba kai ka ce abin nan da kansa yake jawo ruwa ba?" Haka na ce, kuma shekara 3 yana yi. Ranar sai 'yan garuwa muka nema.

Da gari ya waye na gane inda matsalar take. Ranar Alhamis wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta. Ni kuwa hob ɗina, wato ƙaramin akwatin da ke haɗa makunnai da soket da fitilun gida ya ba su umarni, ashe ba a cikinsa yake ajiye dokokin da na tsara masa ba. Suna can a kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa. Idan an kawo wuta sai ya aika saƙo can, a amso masa da "kunna injin", sannan ya kunna. Tsakanin hob ɗin da injin bai fi taku 20 ba, amma sai maganar ta ƙetare teku ta dawo. Ba zan kama sunan kamfanin ba, irinsa da yawa ne a kasuwa, a Kano na saye shi a 2021, kuma daidai kuɗinsa ya yi mini aiki.

Wata 5 na yi ina tufka da warwara kafin na sauya. Na farko dai kuɗi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar da muke saye ƙasa da 500 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, duk wani abu da za a ɗauko daga waje sai mutum ya yi lissafi sau biyu. Na biyu, tsohon bai mutu ba. Mu nan ba a yar da abin da ke aiki. Amma na tuna watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda tsaro, har da Jibiya da Dutsin-Ma da Funtuwa, aka yi watanni. Birnin Katsina bai shiga ciki ba, sai dai da a Dutsin-Ma gidana yake, duk tsarin nan da ya zama kayan ado. Ga kuma abin da ya faru a Amurka a watan Afrilun 2022: kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu hob ɗinsa suka wayi gari manhajar ba ta aiki, sai bayan kusan wata 2 wasu daga cikin masu amfani da shi suka saye kamfanin suka tayar. Kamfanin Wink kuma a 2020 ya sanya wa mutane kuɗin wata, Dala 4.99, a kan abin da suka riga suka saya. Waɗannan ne suka kawar mini da shakka.

Hob mai suna Home Assistant Green na saya. An fito da shi a 2023 a kan Dala 99, wani abokina da ke dawowa daga Ingila ya taho mini da shi, ya zo da fulogi mai baki 3 irin namu. Manhajar da ke cikinsa ta buɗaɗɗen tushe ce, kyauta, tun 2013 ake gina ta, kuma duk dokokin gida a cikin akwatin suke zaune. Ya kamata mai saye ya san abu biyu tun kafin ya biya: da wayar intanet ake haɗa shi da rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ba ya kama Wi-Fi da kansa, sannan ba shi da rediyon Zigbee a ciki, wato hanyar da ƙananan na'urorin gida ke magana da hob ba tare da waya ba, sai an sayi wani ɗan tsinke da ake soka masa a kafar USB. Na sayi tsinken tare da shi, na haɗa da 'yar doguwar waya don ya yi nesa da rauta, saboda Zigbee da Wi-Fi duk a zangon rediyo ɗaya, 2.4 GHz, suke magana, suna iya danne juna.

Abin da ya fi burge ni ba wanda ake tallatawa ba ne. Wutar da yake ci bolt 12 ce, kuma ba ta wuce wat 3 ba ko yana cikin aiki. Wannan ya sa na ɗora shi a kan ƙaramin batirin nan da ake sayarwa don rauta, su biyun suna sha tare. Ko inbata ta mutu tsakar dare, shi yana nan a farke. A garin da ake iya ɗauke wuta a kawo sau 5 a yini, wannan ya fi mini duk wani ado na manhaja.

Sauyawar kanta aiki ce, kada wani ya ce maka ta minti 10 ce. Na'urori 14 nake da su masu Zigbee, kowace sai an goge mata tsohon ubangida an gabatar da ita ga sabo. Na soket da na ƙofa ba wuya, maɓalli ne ka danne na 'yan daƙiƙoƙi. Waɗanda ke binne a bayan makunnin bango kuwa sai da na kira mai wayarin ɗinmu muka kashe wuta muka kwance su ɗaya bayan ɗaya, Asabar guda cur. Ƙwayayen fitila 3 masu Wi-Fi da na saya tare da tsohon hob har yanzu sai ta kwamfutocin kamfaninsu suke jin magana, na bar su a ɗakin baƙi inda ko sun ƙi ba asara.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Mako 2 da gamawa na lura duk lokacin da aka ɗauke wuta, na'urar da ke ƙofar gida da ta saman tanki sai su ɓace. Na ɗauka batirinsu ne, na sauya, abin bai daina ba. Ashe yadda Zigbee ke aiki ke nan: na'urorin da ke jone da wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo hannu da hannu har ya isa hob, masu batir kuwa barci suke yi, ba sa ɗaukar wa kowa saƙo. Gidajenmu na bulo da rufin kankare ne, ga katanga, ga ƙofar ƙarfe, saƙon ba ya ratsawa da nisa. To soket ɗin da ke tsakar gida, wanda shi ne gadar, a layin wutar gari yake, da an ɗauke sai gadar ta karye. Na mayar da soket 3 kan layin inbata, ɗaya a falo, ɗaya a baranda, ɗaya a ɗakin maigadi, tun ranar ban sake ganin wata ta ɓace ba. Wanda zai yi wannan aiki a garinmu, ya zauna da takarda ya zana inda layin inbata ya bi kafin ya sayi komai. Masu ƙera kayan nan sun ɗauka wutar gida ba ta yankewa, shi ya sa ban tarar da wannan bayani a takardun da ke cikin kwalayen da na buɗe ba.

Yanzu ga yadda ruwa yake a gidan. Akwai wata 'yar na'ura da ke shaida wa hob an kawo wutar gari. Sai ya jira minti 3 ya ga ta zauna, don sau da yawa takan zo ta koma nan take, ko ta zo da rauni, kuma irin wannan ke ƙona inji. Idan ta zauna kuma tanki bai cika ba, sai ya kunna. Da ya cika ya kashe, idan kuma ya yi minti 40 bai cika ba ya kashe ya turo mini saƙo, don wataƙila rijiyar ce ta ja baya kamar yadda take yi a Afrilu da Mayu. Mai wayarin ya dage sai an sa kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai ƙarfi, tsakanin ƙaramin makunnin da injin, ya ce ƙaramin ba zai jure fizgar da inji ke yi lokacin tashi ba, kuma gaskiyarsa. Na gwada da gangan: na zare layin waya daga rauta kwana 2, ruwa ya hau, fitilun katanga suka kama da magariba suka mutu da gari ya waye, don akwatin da kansa yake lissafa faɗuwar rana da fitowarta daga inda Katsina take a taswira.

Mutanen gida ba ruwansu da duk wannan, kuma haka nake so. Kowane makunnin bango yana aiki da hannu yadda aka saba. Hajiyarmu da ta zo jinya ta yi wata guda a wurinmu, abin da kawai ta lura da shi fitilar hanyar bayi ce da ke kamawa da kanta idan ta fito alwalar asuba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, da can sai na yi ta laluben bango." A wayar uwargida na rubuta maɓallan da Hausa: Ruwa, Katanga, Fankar yara.

Idan ina son duba gida daga waje, akwai hidimar Nabu Casa, kamfanin da ke ɗaukar nauyin manhajar, Dala 6.50 a wata. Ba dole ba ce, gida na aiki ba tare da ita ba. Na biya lokacin da na yi tafiya Abuja, da na dawo na dakatar.

Da Babbar Sallah na je Daura, yayana ya ga abin a wayata ya ce shi ma zai sauya nasa, ya ji ana maganar Matter. Matter yarjejeniya ce da Apple da Google da Amazon da Samsung da wasu suka haɗu a kai, ta fito a Oktoban 2022, don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin yaren juna. Abu ne mai kyau, Green ma yana jin sa, amma ni ko na'ura ɗaya mai tambarinsa ban mallaka ba tukuna. Na tambaye shi, "Yaya, me da me ke kan naka?" Ya ce fitilu 4 da soket ɗin talabijin. Na ce, "Idan sabis ya ɗauke, me kake rasawa?" Ya yi shiru, ya ce sai dai ya tashi ya danna da hannu. Na ce masa to don Allah ya bar shi yadda yake, kuɗin ya ƙara a batirin solarsa da ya fara gajiya. Na kuma roƙe shi kada ya bari a aiko masa da makunnai daga Amurka, na bolt 120 ne, tamu wutar 230 ce. Ya ce sai ya haƙa tasa rijiyar baɗi in Allah ya kai mu, sannan zai kira ni mu zana layukan tare.