Monita ta hannu mai inci 24 a kan laftof ɗin Baljiyam: sharhina bayan na yi aiki da ita

Monitar da zan yi magana a kanta ta hannu ce, inci 24, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama amfani da su ake lodowa zuwa nan. Na saye ta a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, kuɗinta kuwa bai kai rabin na sabuwa ba. Ta cancanci abin da na biya, kuma da zan sake saye irinta zan nema. Amma kafin in kai ga faɗin haka sai da ta zauna a kan teburina baƙi ƙirin, ba ta nuna komai sai ɗan rubutun da ke cewa babu sigina, alhali lafiyarta ƙalau. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ke nan, domin na tabbata akwai masu mayar wa mai shago monita lafiyayya suna rantsuwa cewa ya cuce su, ciwon kuwa yana cikin kwamfutarsu.

Sana'ata zanen katin gayyata, kalandar biki, sitika da fasta, a nan Mabera. Allon laftof ɗina inci 14 ne, mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, kamar yawancin ƙananan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu. Idan lokacin bukukuwa ya kama bayan Sallah, ƙawayen amarya kan zo su tsaya a kaina, kowace na son ta ga ko launin katin ya dace da na anko, ni kuma ina jan hoto sama da ƙasa a ɗan allon da bai isa mutum ɗaya ba. Monitar tana da ɗigo 1920 da 1080, wato kusan ninki biyu na abin da nake da shi, kuma ana iya juya ta ta tsaya a tsaye, yadda kati ko kalanda za su fito gaba ɗaya ba tare da an yanke ƙasansu ba.

Da na haɗa su da wayar HDMI, shiru. Na danna maɓallin Windows tare da P, wanda shi ke fito da zaɓin ko a kwafi allo ko a faɗaɗa shi zuwa na biyu, sai kwamfutar ta ce ba za ta iya aika hoto zuwa wani allo ba, in sake sa direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani sashe na na'ura. Na canza waya, na gwada da talabijin ɗin gida, duk abu ɗaya. A shagon da na saya kuwa a gabana aka kunna monitar da tasu kwamfutar ta kawo hoto tangaram. Sai na ɗauki duka biyun na kai wa wani matashi mai gyara a Gawon Nama, wanda wani abokin sana'a ya yaba mini shi.

Abin da ya burge ni da yaron nan shi ne bai taɓa sukundireba ba, bai kuma ce sai an goge komai an sake zuba Windows ba, wanda shi ne maganin da aka saba ba mu a kan kowane ciwo. Ya buɗe Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, ya danna wurin da aka rubuta Display adapters, ya juyo mini da allon.

"Malam, duba nan ka gani. Wanda ya sa maka Windows wanga bai ƙare aikinai ba. Babu direban hoto cikin na'urar ga."

Na ce, "To ƙanena, yaya aka yi nake ganin hoto tun da na saye ta?"

Sunan da ke wurin shi ne Microsoft Basic Display Adapter. A wurin nan sunan ainihin katin hoton kwamfutar, wato sashen da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, ya kamata a gani, na Intel ko AMD ko NVIDIA. Shi wannan na Microsoft direba ne na wucin gadi da Windows ke zuwa da shi don kada allo ya zauna duhu kafin a sa na gaskiya. Kamar tayar safaya yake: zai kai ka wurin mai faci, amma ba da shi ake kama hanyar Kano ba. Yana nuna hoto a allon laftof, sai dai ba ya iya raba hoton zuwa allo na biyu, ba ya kuma amfani da ƙarfin katin hoton yadda ya kamata. Nan take wasu abubuwa da na daɗe ina fama da su suka sami bayani. Hasken allona ba ya raguwa ba ya ƙaruwa ko na danna maɓallansa, zaɓin sa kwamfuta barci babu shi, kuma bidiyo na yi mini tsalle-tsalle fanka na ihu. Duk na ɗauka tsufan na'ura ne.

Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a cikin lamarin, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi a fili. Laftof ɗin Baljiyam idan ta iso, masu sayarwa kan goge ta su zuba Windows daga filashi ɗaya da suke amfani da shi ga kowace na'ura, su ɗora manhajojin rubutu da na kallo, su miƙa maka. Windows da kanta tana iya nemo direban da ya dace idan ta sami intanet, amma da yawa sukan kashe sabuntawa tun a shago da sunan suna taimaka maka kada data ta ƙare. Ko ba su kashe ba, idan aka saita layin intanet a matsayin mai awo, kamar yadda masu jona kwamfuta da waya ke yi, Windows ba ta sauko da direbobi a kansa sai ka ba ta izini. Haka mutum zai shekara da na'urar da ke aiki da rabin ƙarfinta bai sani ba. Aikin da bai wuce ɗan zama kaɗan ba a shago, an bar shi ga ɗalibi ko mai sana'a da bai taɓa jin sunan Device Manager ba.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya juya laftof ɗin ya karanta lambar samfurinta a ƙasa, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya sauko da direban hoton da suka ajiye wa wannan samfurin. Na tambaye shi me ya sa bai je shafin masu katin hoton kai tsaye ba, tunda nasu ya fi sabunta. Ya ce masu ƙera laftof sukan daidaita direban da yadda suka haɗa kafofin na'urar da maɓallan haske, don haka nasu ake fara gwadawa, musamman a tsohuwar na'ura. Fayil ɗin na da nauyi, megabayit ɗaruruwa, saboda haka a tanadi data. Ana sake kunna kwamfutar monitar ta farka da kanta. Ya kuma kwafe mini direban a filashi, ya ce in ajiye don ranar da wani zai sake zuba mini Windows. Kuɗin da ya karɓa bai kai na wayar HDMI ɗin da na saya a banza ba.

Matsala ta biyu ita ce ta fi shafar aikina, kuma ba kowa zai lura da ita ba. Hoto ya fito, amma baƙi ba baƙi ba ne, toka-toka ne, launuka duk sun koɗe. Dalilin yana da tushe a tsarin talabijin. Kwamfuta tana auna kowane launi daga 0 zuwa 255, talabijin kuwa bisa al'ada daga 16 zuwa 235 take aiki. Tunda HDMI don talabijin aka fara yin ta, wani lokaci direba kan ɗauki monita a matsayin talabijin ya aika mata da taƙaitaccen ma'aunin, ita kuma tana jiran cikakken. Ana gyara shi a manhajar saitin katin hoto, inda ake zaɓar Full maimakon Limited. Masu NVIDIA za su same shi a NVIDIA Control Panel ƙarƙashin Output dynamic range, masu Intel kuma su nemi Quantization Range. Ga mai kallon ƙwallo wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda zai zauna da uwar amarya yana nuna mata ruwan goro da ruwan zuma a kan baƙin kati, babban abu ne, domin idan allo ya koɗe za ka yi ta ƙara wa zane duhu, sai an buga a ga ya ƙone.

Bayan wannan gyaran ne na ga ainihin monitar. Allonta irin na IPS ne, ko daga gefe ka tsaya launi ba ya juyewa, don haka masu tsayawa a kaina abin da nake gani suke gani. Fuskarta ba mai sheƙi ba ce, hasken ƙofa da rana ba ya dawo mini a ido. Ƙafarta na hawa da sauka, wuyana ya huta. Aibinta: kusurwar hagu ta ƙasa ta ɗan fi sauran duhu, maɓallan saitinta sun yi tauri, kuma ba ta da lasifika. Wannan na ƙarshe kan rikita mutane, domin HDMI na ɗaukar sauti tare da hoto, kuma Windows kan mayar da sautin ga monita da zarar an jona ta, sai ka ji kwamfuta ta yi gum. A alamar lasifika da ke ƙasan allo ake mayar da shi.

Sai batun wuta. Laftof na da batir, monita ba ta da shi. Idan aka ɗauke wuta duk tagogin da na baza a kanta sukan tattaro su cunkushe a ƙaramin allo, idan na tayar da janareta kuma wani lokaci takan dawo baƙa ko da fitilarta na ci. Mai gyaran ya koya mini danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta, direban ya sake tashi ba tare da an kashe kwamfuta ko an rasa aikin da ba a adana ba. Yawanci wannan ya wadatar, idan ya ƙi sai in zare waya in mayar. Irin wannan monita ba ta cika wuce wat 30 ba, don haka ƙaramar inbata ta sola na riƙe ta, kuma tun da na mayar da ita can wannan damuwar ta ragu sosai.

Akwai masu rufe murfin laftof su bar monita kaɗai. Ni ban ba da wannan shawarar a Sakkwato ba, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Allo biyu ƙarin aiki ne ga katin hoto, wasu na'urorin kuma ta wajen maɓallai da bayan murfi suke fitar da zafi. Ina barin tawa a buɗe, na ɗaga bayanta kaɗan iska ta ratsa. Da hunturu kuma ƙura kan shiga kafar HDMI, hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Kafin a zargi direba a hure kafar tukuna.

Ba kowace matsala ce ta direba ba, na ga haka da ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta zo da tata laftof siririya, wadda ba ta da kafar HDMI, ta sayo adaftar USB-C don ta yi aikin furojet ɗinta a kan monitata. Direbanta na nan daram, amma ko ƙyas. Kafofin USB-C kamanninsu ɗaya, aikinsu ya bambanta. Wadda ke fitar da hoto sai tana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode ko Thunderbolt, kuma sau da yawa akan buga alamar harafin D ko ta walƙiya a gefenta. Tata ta caji ce da fayil kawai, babu direban da zai sa ta fitar da abin da ba a haɗa mata wayarsa ba. Mafita a irin wannan hali ita ce adafta mai fasahar DisplayLink, wadda ke tura hoto ta USB da nata direban na daban, ta isa rubutu da lissafi amma ta fi tsada. Wanda monitarsa VGA kawai gare ta, wato shuɗiyar kafar nan mai ramuka 15 da ta fito tun 1987, zai iya amfani da adaftar HDMI zuwa VGA, sai dai hoton bai kai kaifin na HDMI ba, kuma waya mai araha kan sa shi rawa idan ana kan janareta.

Mai niyyar saye ya tafi shago da laftof ɗinsa da wayarsa, a jona a gabansa, kada ya yarda da gwajin da aka yi da kwamfutar shago kawai. Ya buɗe farin shafi ya duba tabo, ya buɗe baƙi ya duba ɗigon da ya mutu ko kusurwar da ta yi haske. Idan hoto ya ƙi zuwa, ya leƙa Display adapters ya karanta sunan da ke wurin. In Microsoft Basic Display Adapter ya gani, wurin wanda ya sayar masa da laftof ya kamata ya koma, ya nemi a sa masa direban kyauta.