Garin Pluronic F-127 ya raba ni da ciwon kan furotin a cif ɗina

Wata uku cur ina fama da cif ɗina na PDMS a lab, wallahi har na fara zargin hannuna. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan roba ne garai-garai da 'yan hanyoyin ruwa a ciki, faɗin tawa hanyar maikron 100 ne wato kusan kaurin gashi ɗaya, a ciki nake son raba furotin iri biyu. To shi PDMS, wato robar da aka yi cif ɗin da ita, ba ya ga maciji da ruwa, furotin kuwa da ya samu irin wannan bango sai ya lafe kamar ƙanzo a gindin tukunya, zubin farko lafiya lau, na biyu layukan da furotin ɗin ke nunawa a sakamako sun fara jan wutsiya, kafin na biyar rabin samfurin ya maƙale a hanya. Na gwada filasmar oksijin, wato a bi bangon da iskar oksijin mai caji don ya so ruwa, tana yi amma kafin kwana ɗaya ko biyu robar ta koma gidan jiya. Na gwada shafe bangon da BSA, wanda ake samu daga jinin shanu, kashi 1 cikin 100, shi ma ai furotin ne, sai ga shi tsamo-tsamo cikin sakamakona.

Malamina ne ya ce in nemi Pluronic F-127, wani sinadari ne mai kamar gari, wasu na ce masa poloxamer 407. Na je wani shagon kayan lab a nan cikin gari, Alhajin ya ce "ɗana sati biyu ka dawo, daga Legas zai taso", sai da aka yi biyar ina sintiri a adaidaita sahu, kuɗin kuma kar ma ku tambaya, da dala ake lissafi. Amma gaskiya ɗaya ce, ya zo a rufe ruf da takardar gwajinsa kuma lambar takardar ta yi daidai da ta jikin kwalbar, wannan kam na yaba masa.

Ranar farko ni na yi wauta. Na ɗauka kamar suga ne sai na zuba a ruwan ɗumi, ga zafin Afrilu na Kano, ya dunƙule ya yi gudaji kamar kokon da ba a iya damawa ba. Ashe shi a ruwan sanyi yake narkewa, in ya yi kauri kamar kashi 20 ma da ya ji ɗumi sai ya zama jeli. Na sake haɗa kashi 1 na sa a firiji, cikin dare aka ɗauke wuta, dole na sayo ƙanƙara na cusa kwalbar a kula ta kwana. Da safe ya narke tas, na tace da matacin maikron 0.22 saboda ƙurar garin nan ba ta da kunya. Kuma kar ka girgiza shi, kumfa yake yi kamar omo.

Yadda yake aiki ya burge ni, sarƙa ce mai gaɓa uku, ta tsakiya mai suna PPO ita ma ba ta son ruwa sai ta kama bangon, biyun gefe masu suna PEO, su kuma masu son ruwa ne, su miƙe cikin ruwan kamar gashin buroshi, furotin ya zo ya rasa wurin zama. Na bar shi awa ɗaya a cikin hanyar, na wanke da bafa, wato ruwan gishirin da furotin ke tafiya a ciki, na tura furotin mai ɗauke da kala mai haske. A da in na leƙa madubin lab bangon har walƙiya yake kore shar, wannan karon sai ɗan dishi-dishi, na kira malam ya leƙa ya ce "to yanzu ka fara aiki". Har 'yan kumfan iska da ke maƙalewa a kusurwa sun ragu don ruwa na shiga salin-alin.

Sai dai ba manne yake har abada ba, lafewa kawai ya yi, in ka daɗe kana turo ruwa yana wankewa a hankali, shi ya sa nake ɗiga kaɗan a cikin bafar kanta. In da lantarki kake tura ruwan ka sani gudun zai ragu, sai ka sake auna lokutanka. Wanda kuma zai kai samfurinsa injin mas-sifek, mai gane sinadarai ta nauyinsu, ya yi hattara, dangin PEG, wato irin su PEO ɗin nan, suna cika sakamako da layuka masu tazarar 44 a ma'aunin nauyi har su danne abin da kake nema.

Ni dai taurari huɗu na ba shi cikin biyar. Kwalbar ma har yanzu ko kwata ban ci ba, ɗalibin da ke Kano yake buƙatar giram biyu ko uku ya taho da 'yar kwalbarsa mai murfi.